Me Ke Kwance Notin Injin Casar Masara?

Da zarar kaka ta yi a Tsiga, masara ta bushe, ƙarar injin casa ce ke cika gari. Haka abin yake har Bakori, Funtua da Malumfashi: ana jan injin daga wannan gona zuwa waccan, buhuna suna wucewa kasuwar Dandume. Duk mai irin wannan inji ba ya rabo da sifana, domin ya san kafin la'asar sai wani noti ya saki. Ya kashe inji ya ɗaure, masu masara na zaune suna duban rana. Abin da aka saba ji shi ne, "Yaron nan bai ɗaure da kyau ba." Sau da yawa kuwa yaron injin ba shi da laifi.

Idan aka ɗaure noti, bol ɗin yana ɗan miƙewa, miƙewar da ido ba ya gani, kuma ita ce ke matse ƙarafan biyu. Zaren da ke jikin bol gangara ce da aka naɗe, noti yana zaune a kanta, ba abin da ke riƙe shi sai gogayyar ƙarfe da ƙarfe. A ɗora buhun masara a bayan motar da ta ɗan karkace, zai zauna daram muddin motar na tsaye. Ta hau hanya mai gargada, kowace girgiza sai ta ɗan sauko da shi. Wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna wannan a 1969. Ya gano cewa girgizar da ke zuwa ta gefe, wadda ke sa ƙarafan su ɗan zame wa juna, ita ce ta fi kwance noti, kuma har yau da irin na'urarsa ake gwada noti a masana'antu. Injin casa, injin niƙa da injin ban ruwa kuwa aikinsu ke nan, girgiza daga safe har yamma.

Dabarun da muka saba ba duka ne ke magani ba. Wani ya zura bututu a sifana ya hau da ƙarfinsa duka, bol ya miƙe fiye da ƙima, ranar da aiki ya yi zafi ya karye. Wani ya dogara da washa mai tsaga, alhali littafin da hukumar NASA ta Amurka ta fitar kan bol da noti a 1990 ya ce da zarar ta baje ba ta da bambanci da washar banza. Wanda ya gaji sai ya kira mai walda ya ɗana wa notin wuta. Ya zauna kam, amma ran da boris ya ci, sai an yanka kafin a buɗe. Notin ƙafar babur mai fin a tsakiya ya fi duk waɗannan, sai dai ba kowane bol ke da ramin fin ba.

Akwai wani ruwa da aka yi musamman don wannan matsala, ana iya ce masa gam ɗin noti. Vernon Krieble, malamin ilimin sinadarai a kwalejin Trinity da ke Hartford a Amurka, shi ya haɗa shi a 1953. Daga nan aka samu Loctite, wanda kamfanin Henkel na Jamus ya mallaka a 1997, yanzu kuma kamfanoni da dama suna yin irinsa. Aikinsa ya saɓa wa gam ɗin da muka sani. Muddin iska na taɓa shi ba ya daskarewa, shi ya sa za ka ga kwalbarsa ba a cike take ba. Kada ka ce an cuce ka, iskar ce ke riƙe shi a ruwa. Sai ya shiga tsakanin zaren bol da na noti, inda ba iska sai ƙarfe, sannan ya zama roba mai tauri ya cike ɗan filin da noti ke motsawa a ciki. Yana kuma hana ruwa shiga, tsatsa ba ta samun wurin zama. 

Launinsa ne ke faɗin ƙarfinsa, kuma a nan ake yin ɓarna. Shuɗi shi ne na yau da kullum, daga bol mai kaurin milimita 6 zuwa 20, sifana tana kwance shi idan buƙata ta taso. Ja na wurin da ba a niyyar buɗewa ne, ba ya saki sai an gasa shi zuwa kimanin digiri 250. Mai injin da ke canza rariya ko bel a kai a kai, shuɗi ya dace da shi. Akwai kore mai tsinkakken ruwa da ke bin zare ya shige ko da an riga an ɗaure.

Sharaɗinsa tsafta. Bol ɗin injin casa yakan sha baƙin mai da ƙurar masara har su yi masa ɓawo, gam kuwa ba ya kama irin wannan da kyau. A goge zaren da burushin waya, a wanke, a bari ya bushe, a ɗiga ɗigo biyu ko uku daidai inda noti zai zauna, a ɗaure kamar yadda aka saba. Yana fara kamawa cikin mintoci, amma cikakken ƙarfinsa sai bayan awa 24, don haka aikin yamma ne bayan an tashi, ba na tsakiyar casa ba. A kiyaye shi da sassan roba, yana tsaga wasunsu.

Abin da ya fi damuna shi ne kada a mai da shi abin rufe cuta. Idan zaren ya riga ya cinye, sabon bol ake saye. Idan kuma inji yana rawa fiye da yadda ya saba, a duba boris, a duba ko fuli ya karkace ko wani haƙori ya fita daga gangar casa. Gam zai riƙe notin, amma girgizar za ta koma kan firam ta tsaga shi, ga mutane tsaye kewaye da inji suna zuba masara.