Aikin da Nas Za Ta Iya Miƙawa da Wanda Ba Ya Barin Hannunta

Idan dare ya yi a babban asibitin gwamnati, ɗakin kwanciya yakan koma hannun nas ɗaya ko biyu, da mataimaki guda mai tura keken marasa lafiya, sai 'yan jinya da suka shimfiɗa tabarmi a baranda. Likita yana ɗakin 'yan haɗari ko ɗakin tiyata, sai an aika masa. Cikin waɗannan sa'o'i akwai magungunan ƙarfe goma da za a raba, ga ledar ƙarin ruwa ta kusa ƙarewa a wancan gado, ga tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, wanda dole a riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu kada bayansa ya yi gyambo, ga wadda aka fito da ita daga tiyata da magariba. Mutum ɗaya ba zai iya wannan duka ba. Dole nas ta ce wa wani, "Don Allah yi mini kaza." Sai dai ba kowane aiki take da ikon miƙawa ba, ba kuma kowa za ta miƙa wa ba, sannan idan abu ya ɓaci akwai wanda hukuma za ta fara kira.

Mu a wajenmu duk wanda ya sa farar riga a asibiti likita ne, amma a wajen doka kowane rukuni da huruminsa, kuma kowanne da hukumar da ke ba shi lasisi. Nas da ungozoma suna ƙarƙashin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda doka mai lamba 89 ta shekarar 1979 ta kafa. Ma'aikatan lafiya na matakin farko, waɗanda aka fi sani da CHEW, suna da tasu hukumar rajista da aka kafa a 1992. Likitoci da likitocin haƙori suna da tasu majalisar, haka masu harhaɗa magunguna da masu gwaje-gwaje. Karatun ma ya bambanta: likita yakan yi shekara shida a jami'a da shekara ɗaya ta horo a asibiti, nas shekara uku a makarantar jinya ko biyar a jami'a, CHEW shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya, ƙaraminsa shekara biyu. Hurumin mutum shi ne abin da aka koya masa, aka jarraba shi a kai, doka kuma ta yarje masa ya yi da sunansa. Iya yin abu da hannu bai isa ya shigar da shi cikin hurumi ba. Mai shara da ya shekara ashirin a ɗakin 'yan haɗari yana iya fin sabuwar nas gane jijiya, amma wannan bai ba shi izinin soka wa kowa allura ba.

Ƙa'idar da ake koya wa nas ita ce, tana iya miƙa aikin hannu, amma ba ta miƙa hukunci. Magini yakan sa yaro ya kwaɓa ƙasa ya miƙo tubali, amma igiyar awo tana hannunsa, kuma idan katanga ta karkace ba yaron mai gida zai nema ba. Auna zafin jiki, gyara shimfiɗa, wanke mara lafiya, raka shi bayan gida, auna yawan fitsarin da ya taru a leda, duk ana iya ba mataimakin da aka koya wa. Abin da ba ya barin hannun nas shi ne duba mara lafiya da farko, da fassara abin da awon ya nuna, da tsara yadda za a kula da shi, da yanke shawarar cewa lokacin tashin likita ya yi. Ta miƙa aikin, amma alhakin zaɓen wanda ta ba da bibiyar abin da ya biyo baya yana wuyanta. Shi kuma wanda aka ba yana da nasa alhakin, har da na cewa, "Sista, ban iya wannan ba."

Yadda ake faɗin maganar ma aiki ne. Nas ɗaya za ta ce wa ɗaliba, "Je ki duba mini waccan mai cikin." Ɗalibar za ta je, ta auna jini, ta ga 160 bisa 110, ta rubuta a takarda da kyakkyawan rubutu, ta wuce gado na gaba. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta yi ha'inci ba, an ce ta duba ta duba. Wata nas kuwa cewa za ta yi, "Auna mini jinin matar da ke gadon bakin taga yanzu. Idan na sama ya kai 160 ko na ƙasa ya kai 110, ko ta ce miki kanta na sarawa ko tana ganin dishi-dishi, kada ki tsaya rubutu, zo ki same ni." Aikin ɗaya ne, ɗalibar ɗaya ce, amma ta biyun ta haɗa aikin da iyakarsa. A Amurka, majalisar hukumomin jinya ta jihohi ta taƙaita wannan cikin sharuɗɗa biyar da ake haddacewa a makaranta: aikin ya dace da miƙawa, yanayin mara lafiya ya dace, mutumin ya dace, umarnin ya fito sarai, sannan a bi sawu. Sharaɗin yanayi shi aka fi mantawa. Ba mai jin sauƙi abinci aikin kowa ne. Ba wanda shanyewar jiki ta taɓa masa maƙogwaro abinci kuwa wani abu ne daban, domin cokali ɗaya na kunu zai iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu.

Ƙarin jini misali ne na aikin da ba a sake wa kowa. Kafin a ɗaura, ma'aikata biyu ake so su karanta sunan mara lafiya da rukunin jinin da lambar ledar tare, a bakin gado. Minti goma sha biyar na farko su ne mafi haɗari, domin a nan jiki ke nuna bai karɓa ba: rawar sanyi, zazzaɓi, ciwon baya, numfashi sama-sama. Nas ce za ta tsaya a wajen a wannan lokaci. Idan ta ɗaura ta ce wa ƙanin mara lafiya, "Ka sa ido," ta ba shi abin da bai san kamanninsa ba. Zai ga ɗan'uwansa yana makyarkyata ya lulluɓa masa bargo.

Nan ne kuma aka zo kan rukunin da babu sunansa a kowace doka, alhali shi ya fi kowa yawa a ɗakunanmu, wato 'yan jinya. Su ke wanka, su ke zubar da fo, su ke sayo magani, su ke gudu ɗakin gwaji da kwalbar jini. Asibitocinmu ba za su yini ɗaya ba tare da su ba, kuma a ganina munafunci ne a riƙa magana kamar ba su nan. Tun da ana ba su aiki, gara a ba su shi da ƙa'ida. A nuna wa uwa yadda za ta ɗaga kan yaro kafin ta zuba masa madara ta robar hanci, a gaya mata kada ta zuba komai idan robar ta zame sai nas ta duba. A gaya wa miji kada ya taɓa maƙullin ƙarin ruwa. Da yawa suna buɗe shi ne da kyakkyawar niyya, wai don ruwan ya ƙare da wuri a sami sauƙi, ba su san cewa ga jariri ko mai ciwon zuciya ko na ƙoda, ruwan da ya shiga da gudu yana iya cika huhu ba.

Wannan duk miƙa aiki ne na mutum da mutum a cikin ɗaki. Akwai kuma wanda gwamnati ke yi da takarda, inda take faɗaɗa hurumin rukuni gaba ɗaya. Mozambik ta yi shi tun da wuri. Bayan samun 'yanci a 1975 yawancin likitocin ƙasar sun fice, sai a 1984 ta fara horar da ma'aikatan da ba likitoci ba su yi tiyata, har da ta fiddo jariri. Binciken da aka yi daga baya ya nuna sakamakon aikinsu bai yi nisa da na likitoci ba, kuma su ne suka dawwama a asibitocin karkara. Malawi da Tanzaniya suna da makamancin haka. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan sauya wa ma'aikata ayyuka, saboda cutar ƙanjamau ta fi ƙarfin likitocin da ake da su. Nijeriya ta amince da nata tsarin a 2014, ta sake duba shi a 2018. Tsarin ya ba nas damar fara ba mai ƙanjamau magani, ya ba CHEW da aka horar damar sanya ashanar tazarar haihuwa a dantse, da ba da maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da yin allurar farko ga mai ciki da ke jijjiga kafin a tura ta gaba.

Wannan ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta, domin a cikinta ake ganin amfanin tsarin da kuma iyakarsa. An kawo mai ciki asibitin sha-ka-tafi na ƙauye a bayan a-kori-kura, tana jijjiga, ta taune harshe. Babu likita, babu ungozoma, CHEW ce kaɗai. A da abin da za ta iya shi ne ta ce a wuce da ita gari, matar ta yi ta jijjiga a hanya. Yanzu tana iya kwantar da ita a gefen hagu, ta yi mata allurar magnesium sulphate, giram biyar a kowane ɗuwawu, ta rubuta lokacin a takarda, sannan ta tura ta. Allurar tana tsayar da jijjigar, tana saya wa matar sa'o'in da za ta isa babban asibiti. Amma daga nan hurumin ya ƙare. Ci gaba da maganin duk bayan sa'a huɗu yana buƙatar wanda zai riƙa ƙirga numfashi, yana bugun gwiwa ya ga ko ƙafa tana harbawa, yana auna fitsari, kuma yana da calcium gluconate a kusa, domin maganin da ya yi yawa a jiki yana iya tsayar da numfashi. Maganin jijjiga na gaskiya kuma shi ne raba uwa da cikin, wani lokaci ta hanyar tiyata. CHEW da ta ga matar ta lafa ta ce a bar ta nan zuwa safe ta ɗauki abin da ba a ba ta ba.

Ni ina goyon bayan wannan tsari, domin rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma matar ƙauye ba za ta jira ranar da za a wadata da likitoci ba. Ranar ma ba ta kusa, domin ko nas ɗin ma ficewa suke yi: a farkon 2024 magatakardan majalisar jinya ya ce nas sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Inda nake da ja shi ne rabin tsarin ake aiwatarwa. Takardar ta ce a horar, a riƙa zuwa duba aiki, a samar da kaya, a tanadi hanyar tura mara lafiya. Abin da aka fi yi shi ne taron bita na 'yan kwanaki a otal, a raba takardar shaida, kowa ya koma ƙauyensa. CHEW yana da littafin ƙa'idoji da suke kira Standing Orders, wanda ke gaya masa ga alama kaza, yi kaza, idan ka ga kaza tura gaba. Asali ma an tsara aikinsa ne ya haɗa da shiga cikin gari, gida-gida, ba zama a kan kujerar duba marasa lafiya kaɗai ba. Amma idan aka bar mutum shi kaɗai shekara da shekaru, ba mai zuwa ya duba rajistarsa, ba motar da za ta ɗauki wanda ya tura, jama'a kuma suna kiransa likita suna roƙonsa ya taimaka, a hankali littafin zai koma cikin durowa.

Daga can kuma sai a gangaro kan waɗanda ba su da hurumi ko kaɗan. Akwai 'yan matan da wasu asibitocin kuɗi ke koya wa aiki a bakin gado su sa musu fararen kaya, majalisar jinya kuwa ba ta san da su ba, kuma ta sha faɗin haka. Akwai mai kemis, wanda lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne a cikin kwalinsu, amma a bayan labule yana allura yana ɗaura ruwa. Wannan ba miƙa aiki ba ne, domin babu wanda ya miƙa, babu kuma wanda ke bibiya. Abin takaici, ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya sun fi kashe ƙarfinsu wajen jayayya da juna kan albashi da wa zai shugabanci asibiti, har da yajin aiki, maimakon wannan ɓarakar da ta shafe su duka.

Mai jinya yana da abin yi a nan, kuma ba rashin kunya ba ne. Yana iya tambayar wanda ya zo da sirinji, cikin ladabi, "Malam, kai nas ne ko ɗalibi? Wane magani ne wannan, wa ya rubuta?" Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Ɗalibi yana da damar yin allura idan malaminsa yana tsaye a kansa, don haka idan shi kaɗai ya zo ana iya cewa a kira sista. Idan nas ta ba ɗan jinya aiki, ya tambaye ta abin da zai gani ya zo ya kira ta, da inda zai same ta. Idan kuma ma'aikacin asibitin ƙauye ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a tafi gari, kada a tsaya roƙonsa ya gwada. A karɓi takardar da ya rubuta, a tabbata ya sa sunan maganin da ya bayar da ƙarfe nawa ya ba da shi, domin da wannan lokacin ne ungozomar babban asibiti za ta lissafa allura ta gaba.