Sana'ar Sabunta Allunan Ƙofar Tsohuwar Mota

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a ƙasar nan cikin shekarun 1970 da 1980 ya san matsayin mota Peugeot 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma bayan an buɗe masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna a 1975, sai aka riƙa harhaɗa ta a nan gida har bayan shekara ta 2000. Yanzu da aka daina yin ta, waɗanda suka gāje ta daga iyaye, ko suke adana ta don sha'awa, sukan samu kayan inji ba da wata wahala ba. Abin da yake gagara shi ne allunan nan masu rufin roba da suke lulluɓe ƙofofi daga ciki. Idan sun lalace, dole a nemi mai ɗinkin kujerun mota ya yi sababbi.

Mutane da yawa suna zaton aikin ya ƙare ga zaɓen launin roba. Ba haka ba ne, domin abin da yake kashe allon yana bayansa ne. Ruwan sama yakan bi gefen gilashi ya gangara cikin ƙofa, don haka masana'anta take manna wata leda tsakanin ƙarfe da allo, ta kuma bar ƙananan ramuka a gindin ƙofar inda ruwan zai tsiyaye. To, amma makanike idan ya zo gyaran hannun ɗaga gilashi, sau da yawa yakan yage ledar ya yar. Ƙurar hunturu kuma ta toshe ramukan. Damina ɗaya ko biyu, sai allon ya sha ruwa, ya kumbura, ya lanƙwashe.

Saboda haka gwanin wannan sana'a ba ya yar da tsohon allo komai ruɓewarsa. Shi ne ma'auni. Yakan ɓare robar a hankali, ya shimfiɗa shi bisa sabon katako mai kaurin kamar milimita 3, ya zana gefensa da kowane rami: na hannun buɗe ƙofa, na hannun gilashi, na madogarar hannu, da na maƙalan da suke riƙe allon a jikin ƙarfe. Idan na gefe ɗaya ne ya tsira, sai a kife shi a fitar da na ɗaya gefen. Bayan an yanke, wajibi ne a gwada katakon tsirara a jikin ƙofa tun ba a rufe shi ba, gama ramin da ya kauce ko da kaɗan ba ya gyaruwa da sauƙi bayan an manna roba. Sa'an nan a shafe bayansa da gefunansa da fenti domin hana laima shiga. Wasu a yau sukan yi amfani da allon roba mai tauri, wanda ruwa ba ya yi masa kome.

Daga nan sai soso. Marar kauri ake so, domin mai kauri yakan hana hannun gilashi juyawa. A kan shafa gam a fuskokin biyu, a dakata ya ɗan sha iska, kana a haɗa. Gam mai araha asara ce a ƙasa irin tamu: motar da ta wuni a rana cikin watan Afrilu, zafin cikinta yakan sa shi ya saki, roba ta tashi kamar ƙurji.

Robar rufi a kan yanke ta da rarar kamar inci 2 a kowane gefe, a ja ta daga tsakiya zuwa baki, a tsattsaga kusurwoyi da almakashi domin ta kwanta ba tare da tattarewa ba, a naɗe ta baya a kafe da gajerun ƙusoshin da ba za su ɓullo ta fuska ba. Layukan adon da suke jikin allunan asali da zafin na'ura aka matsa su, ba ɗinki ba ne, don haka keken ɗinki kwaikwayo kawai yake yi. Mai son motarsa ta yi kama da ranar da ta fito ya kamata ya san wannan tun kafin a yi ciniki. Akwai kuma masu sha'awar a sa musu jar fatar akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna har ƙasashen Turai. Kyakkyawa ce, sai dai ƙirgin akuya bai kai faɗin ƙofa ba, dole a yi haɗi. Fatar sa ta fi dacewa.

Ramukan hannuwa su ne na ƙarshe, kuma ƙanana ake tsagawa, don kada baki ya fito fili. Kafin a mayar da allon, sai a zokare ramukan gindin ƙofa da waya, a manna sabuwar leda, a zuba ruwa ta gefen gilashi a ga ya fita ta ƙasa.