Yarjejeniyar Pelindaba da Yunƙurin Raba Duniya da Makaman Ƙare-Dangi

Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da kafofin yaɗa labarai suka ƙirƙira wa Hausa, da wuya a sami wadda ta zauna daram kamar “makaman ƙare-dangi”. Sunan ya bayyana aikin makamin tun kafin a yi wani bayani, domin makami ne da ba ya tantance soja daga farar hula, ba ya kuma barin na baya da za su yi makoki. Kalmar ta haɗa har da makamai masu guba, amma bam ɗin nukiliya shi ne uban tafiya. Sau biyu aka taɓa amfani da shi a fagen yaƙi, wato lokacin da Amurka ta jefa shi a biranen Hiroshima da Nagasaki na ƙasar Japan ranakun 6 da 9 ga Agusta, 1945. Kafin ƙarshen shekarar an ƙiyasta mutuwar mutum kusan 140,000 a Hiroshima da kusan 74,000 a Nagasaki. Saboda haka ne ƙudurin farko da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar, a watan Janairu na 1946, ya kasance a kan yadda za a kawar da wannan makami.

Kafin a shiga bayanin yarjejeniyoyin, ya kamata malami ya rarrabe wasu kalmomi da ake yawan cakuɗawa. “Hana yaɗuwa” na nufin kada wanda ba shi da makamin ya mallake shi, “kwance ɗamara” kuwa na nufin wanda ya mallaka ya rage ko ya lalata. Haka nan sa hannu a kan yarjejeniya daban yake da tabbatar da ita. Wakilin ƙasa yana sa hannu ne don nuna niyya, amma yarjejeniyar ba ta hawa kan ƙasar sai hukumar da tsarin mulkinta ya ba wannan iko ta amince, an kuma miƙa takardar shaida. Mai fassarar da ya kira matakan biyu da “amincewa” ya ɓatar da mai sauraro, domin a tsakaninsu ne yawancin yarjejeniyoyin da za a ambata suka maƙale.

Yarjejeniyar Hana Yaɗuwa

Bayan Amurka, Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam a 1949, Birtaniya a 1952, Faransa a 1960, sai Sin a 1964. Tsoron kada adadin ya ci gaba da ƙaruwa ya haifar da Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya, wadda aka fara sa wa hannu a 1968, ta fara aiki a 1970. Ciniki ne aka ƙulla mai ƙafa uku. Ƙasashen da ba su da makamin sun yi alkawarin ba za su neme shi ba, kuma za su bar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, mai hedkwata a Biyana, ta riƙa bincika cibiyoyinsu. A madadin haka an tabbatar musu da haƙƙin amfani da ilimin nukiliya wajen samar da lantarki da aikin asibiti da noma. Ƙasashe biyar da suka riga suka gwada makamin kafin 1 ga Janairu, 1967 kuwa sun ɗauki alkawari a sashe na shida cewa za su shiga shawarwari da zuciya ɗaya don kwance ɗamara.

A wannan sashe na shida ne gizo yake saƙa, domin bai yanka ranar da za a kammala ba. An hana wasu nan take, an kuma bar wasu da alkawarin da ba shi da wa'adi. Indiya ta ƙi shiga bisa hujjar cewa yarjejeniyar ta raba duniya gida biyu, ta yi gwaji a 1974 da 1998, Pakistan ta mayar da martani da nata a 1998. Isra'ila ba ta shiga ba, kuma ba ta taɓa amsawa ko musanta cewa tana da makamin ba. Koriya ta Arewa ta shiga, ta sanar da ficewa a 2003, ta yi gwajin farko a 2006. Duk da wannan rauni, ƙasashe kusan 190 suna cikin yarjejeniyar, kuma a 1995 aka mayar da ita ta dindindin. Sashenta na bakwai ya amince wa kowane rukunin ƙasashe su ƙulla tasu yarjejeniya don tsarkake yankinsu daga makamin.

Yankunan da Aka Haramta Makamin

Ƙasashen Latin Amurka ne suka fara bin wannan hanya, kuma sun riga sashe na bakwai ɗin ma. A watan Oktoba na 1962 aka gano Tarayyar Sobiyet ta girke makamai masu linzami a Kyuba, duniya ta yi kwana 13 a bakin yaƙin nukiliya. Maƙwabtan Kyuba suka fahimci cewa rigimar da ba tasu ba tana iya cinye su. Ranar 14 ga Fabrairu, 1967 aka sa hannu kan Yarjejeniyar Tlatelolco a birnin Meziko, kuma jami'in diflomasiyyar da ya jagoranci aikin, Alfonso García Robles, ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1982. Sai a 2002, da shigar Kyuba, ƙasashen yankin 33 suka cika.

Sauran yankunan ma kusan duk wahala ce ta koya musu. Ƙasashen kudancin tekun Fasifik, inda Amurka da Birtaniya da Faransa suka yi gwaje-gwaje, sun ƙulla Yarjejeniyar Rarotonga a 1985. Kudu maso gabashin Asiya ta biyo da ta Bankok a 1995. Ƙasashe biyar na tsakiyar Asiya sun sa hannu kan tasu a 2006 a Semipalatinsk ta Kazakistan, yankin da Sobiyet ta yi gwaji fiye da 450 tsakanin 1949 da 1989. Gabas ta Tsakiya ce ta gagara, ko da yake tun 1974 Iran da Masar suka gabatar da shawarar a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Daga Reggane zuwa Pelindaba

Tarihin Afirka a wannan fage ya fara ne daga Hamadar Sahara. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a kudancin Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkinta. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Duk wanda ya san hunturu ya san dalilin fargabar mutanen Afirka ta Yamma, domin watan Fabrairu lokaci ne da iska take kwaso ƙurar hamada ta sauke ta a Agadas da Damagaram da Katsina da Kano, har ta dangana da bakin teku. Wata taswirar sojan Faransa da aka wallafa a 2014 ta nuna cewa burbushin gwajin ya kai Chadi da ƙasashen Afirka ta Yamma cikin 'yan kwanaki, wato fargabar ba ta banza ba ce.

Tun kafin gwajin, a ƙarshen 1959, wata tawagar masu zanga-zanga ta tashi daga Akara da nufin isa Reggane, hukumomin Faransa suka tare ta a ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Bayan gwajin, Kwame Nkrumah ya ɗaure kadarorin Faransa da ke Gana. Nijeriya ta ɗauki mataki mafi tsauri. Da Faransa ta yi gwaji na uku ranar 27 ga Disamba, 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a farkon Janairu na 1961, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na ƙasar shigowa. Ƙasar da ta yi wannan wata uku kacal ke nan da samun 'yancin kanta. Faransa ba ta fasa ba. Ta yi gwaji 4 a sarari a Reggane, sannan 13 a ƙarƙashin duwatsun In Ekker, ba ta daina ba sai 1966, shekara huɗu bayan 'yancin Aljeriya.

A 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira da a ɗauki Afirka a matsayin yankin da babu makaman nukiliya, kuma a taron Alƙahira na Yulin 1964 shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka zartar da sanarwa a kan haka. Daga nan maganar ta kwanta shekara kusan 30. Dalili shi ne gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda ta ƙera bama-bamai shida a asirce. Babu ƙasar da za ta ɗaure hannunta alhali tana zargin maƙwabciyarta da ɓoye makami. Da mulkin wariya ya kama hanyar rushewa, Shugaba F. W. de Klerk ya ba da umarnin wargaza bama-baman, ƙasar ta shiga Yarjejeniyar Hana Yaɗuwa a 1991, sannan ya bayyana wa majalisa gaskiyar lamarin a watan Maris na 1993. Masana sun yi saɓani a kan niyyarsa. Wasu suna ganin ƙarshen Yaƙin Cacar Baka ne ya sa makamin ya rasa amfani, wasu kuma suna ganin ba a so ya faɗa hannun gwamnatin baƙar fata mai zuwa. Ko ma mene ne dalili, Afirka ta Kudu ita ce ƙasa ɗaya tilo da ta ƙera makamin da kanta ta kuma lalata shi.

Wannan ya buɗe ƙofa. Kwamitin ƙwararru ƙarƙashin jagorancin jakadan Nijeriya Oluyemi Adeniji ya tsara daftarin, aka kammala shi a 1995 a Afirka ta Kudu, aka raɗa masa sunan Pelindaba, wato cibiyar binciken nukiliya da ke yammacin Firitoriya. Sunan ya samo asali daga harshen Zulu, kuma ma'anarsa ta yi kusa da abin da Bahaushe zai ce “magana ta ƙare”. An sa hannu a Alƙahira ranar 11 ga Afrilu, 1996. Sai dai sharaɗin fara aiki shi ne ƙasashe 28 su tabbatar, kuma hakan bai samu ba sai 15 ga Yuli, 2009, lokacin da Burundi ta cike adadin. Masar da ta karɓi baƙuncin bikin ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba, tana danganta matsayinta da batun Isra'ila.

Abin da Yarjejeniyar ta Ƙunsa da Inda ta Gaza

Yarjejeniyar ta haramta wa mambobinta bincike don ƙera makamin, da ƙera shi, da mallakarsa, da barin wata ƙasa ta girke shi ko ta gwada shi a cikin iyakokinsu. Ta hana zubar da sharar nukiliya a nahiyar, ta hana kai hari kan cibiyoyin nukiliya, ta kuma wajabta bayyana duk wata masana'antar makami da aka taɓa ginawa tare da rushe ta. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Afirka, mai mazauni a Firitoriya, ita aka ɗora wa sa ido.

Ba ta hana amfani da nukiliya don zaman lafiya ba. Misali na kusa shi ne ƙaramar na'urar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Da farko tana amfani da yuraniyom da aka tace sosai, irin wanda ake iya karkatarwa zuwa makami. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa mai ƙarancin tacewa, aka mayar da tsohon ƙasar Sin, kamar yadda Gana ta yi da tata a 2017.

Giɓin da ke cikinta ma a bayyane yake. Yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon yanke shawara a kan jiragen ruwa da na sama na ƙasashen waje da ke yada zango ko ratsawa, alhali manyan ƙasashe ba su cika faɗin abin da jiragensu suke ɗauke da shi ba. Sharaɗin da ta gindaya kan sayar da yuraniyom ya shafi ƙasashen da ba su da makamin ne, bai hana sayar wa masu shi ba. Wannan batu ya shafi Afirka ƙwarai, domin daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka sami yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bama-bamanta na farko da shi, kuma tun 1971 ake haƙar ma'adinin a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Akwai kuma rataye da aka nemi ƙasashe biyar masu makamin su sa wa hannu, cewa ba za su kai wa mambobi harin nukiliya ko su yi musu barazana da shi ba. Sin da Faransa da Birtaniya da Rasha sun tabbatar, wasunsu da sharuɗɗa. Amurka ta sa hannu a 1996, amma majalisar dattawanta ba ta tabbatar ba. Tsibirin Diego Garcia, inda Amurka take da babban sansanin soja, yana cikin taswirar yankin, kuma ya daɗe yana jawo gardama a kan ko yarjejeniyar ta hau kansa.

Halin da Kwance Ɗamara Yake Ciki

An sami ragi na gaske. A 1986 duniya tana da kawunan makaman nukiliya kusan 70,000, a 2024 kuwa ƙiyasi ya nuna kusan 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna hannun Amurka da Rasha. Amma igiyoyin da suka kawo wannan ragi sun yi ta tsinkewa. Yarjejeniyar 1987 ta makamai masu cin matsakaicin zango ta rushe a 2019. Rasha ta dakatar da aiki da yarjejeniyar taƙaita manyan makamai ta 2010 a shekarar 2023, kuma a shekarar ta janye tabbatarwar da ta yi wa Yarjejeniyar Haramta Gwaji ta 1996, wadda dama ba ta fara aiki ba saboda wasu daga cikin ƙasashe 44 da aka wajabta amincewarsu sun ƙi. Abin da ya sami Yukren ya ƙara dagula lissafi. Ta miƙa makaman da ta gada daga Sobiyet bisa tabbacin da aka ba ta a Budafes a 1994 cewa za a mutunta iyakokinta, sai ga Rasha, ɗaya daga cikin masu ba da tabbacin, ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta kuma afka mata da yaƙi a 2022.

Gajiya da jiran cikar sashe na shida ta sa ƙasashe 122 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da Yarjejeniyar Haramta Makaman Nukiliya baki ɗaya ranar 7 ga Yuli, 2017. Nijeriya da Afirka ta Kudu suna cikin ƙasashen da suka ja gaba wajen kiran taron. Nijeriya ta miƙa takardar tabbatarwa ranar 6 ga Agusta, 2020, ranar da Hiroshima ta cika shekara 75, yarjejeniyar kuma ta fara aiki ranar 22 ga Janairu, 2021. Daga cikin ƙasashe tara da ke riƙe da makamin babu wadda ta halarci shawarwarin, babu kuma wadda ta sa hannu.