Ciwon Baƙin Ciki Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Kowa ya san baƙin ciki. In an yi rashi, ko gona ta ƙi, rai yakan ɓaci, bayan kwanaki ya wuce. Amma akwai wanda ya ke ciwo ne sosai. Mutum ya kasa barci, abinci ya fita ransa, ya daina zuwa gona. Wannan ba ragwanci ba ne. Likitoci sun lura iri iri ne, kuma irinsa yakan nuna abin da zai biyo baya.

Wani yakan zo da ƙarfi, ya yi watanni, sa'an nan ya tafi, mai shi ya warke sarai. Amma cikin mutum 10 da suka yi shi sau ɗaya, wajen 5 yakan komo musu. Wanda ya yi sau uku kuwa, da wuya bai sake ba.

Wani ba shi da ƙarfi, sai naci, ya kai shekara 2 ko fi. Mai shi yana aikinsa, amma ba ya jin daɗin kome. Sai mutane su ce, "Ai halinsa ke nan." To, nan ne kuskuren. Sau da yawa tun ƙuruciya ya ke farawa, kuma mafi yawan masu shi, wata rana mai ƙarfin yakan hau kansa. In biyun suka haɗu, warkewa takan yi jinkiri, komowa ta yi sauri.

Akwai kuma mai hawa da sauka. Mutum ya yi ta murna ba dalili, ya kwana surutu, har ya sayar da sansa ya rabar da kuɗin. Bayan wannan sai ya faɗa cikin baƙin ciki. Shi yakan bi mutum har tsufa, amma ana iya riƙe shi. A 1949 wani likita a Ostareliya, John Cade, ya gano maganin litiyam yana kwantar da shi. Mai shansa sai ana auna jininsa. Ku gaya wa likita in an taɓa ganin murnar nan, domin maganin baƙin ciki kaɗai yana iya tayar da ita.

Maganin baƙin ciki yakan yi mako 2 zuwa 4 kafin a ji aikinsa. In an sami sauƙi, a ci gaba da sha aƙalla wata 6. Wanda ya fara zancen kashe kansa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi asibiti ran nan. Akwai manyan asibitocin wannan ciwo a Kaduna, da Kware, da Maiduguri.