Kafin Ɗalibi Ya Zaɓi Injiniyancin Injuna

Ɗalibai da yawa kan ɗauka cewa injiniyan injuna bakanike ne mai digiri. Ba haka ba ne. Bakanike gyara yake yi; injiniya kuwa shi ke tsara injin, ya auna nauyi da zafin da ƙarfensa zai jure tun kafin a ƙera.

Saboda haka Lissafi da Fiziks su ne ginshiƙin karatun. A Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, shekara 5 ake yi, har da wata 6 na koyon aiki a masana'anta. Bayan digiri kuma, sai hukumar COREN ta yi wa mutum rajista kafin ya amsa sunan injiniya.

Duk wanda Lissafi ke ba wuya, ya sake shawara kafin ya cika takardar JAMB.