Daga Ɗakin Jiyya Zuwa Kujerar Shugabar Majalisa: Labarin Karen Bass

 Wannan mako za mu ajiye zancen girki da ɗinki, mu ƙetare teku zuwa Amurka, in ba ku labarin wata mace wadda ta shugabanci majalisar dokokin jiharsu. Ku kuma 'yammata 'yan makaranta ku matso kusa, don rabin maganar taku ce.

Sunanta Karen Bass. An haife ta a birnin Los Anjeles, cikin Jihar Kalifoniya, ran 3 ga Oktoba 1953. Baƙar fata ce, kuma ba 'yar masu hali ba. Mahaifinta ma'aikacin gidan waya ne mai raba wasiƙu gida gida, mahaifiyarta kuwa matar gida. Tana ƙarama ta riƙa zama da mahaifinta suna kallon labarai a talabijin, suna ganin yadda baƙaƙen Amurka ke fafutukar neman 'yancinsu. A 1968, tana da shekara 14, ta shiga cikin masu taya Robert Kennedy neman ƙuri'a. Kun ji icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Da ta girma ba siyasa ta fara ba. Ta koyi aikin mataimakiyar likita, aka sa ta ɗakin da a ke karɓar masu haɗari a babban asibitin birnin. A nan ta ga abin da ya tayar mata da hankali. Cikin shekarun 1980 wata muguwar hodar ibilis mai araha ta mamaye unguwannin talakawa. Kullum ana kawo samari da harbi ko sara, uwaye mata suna lalacewa, hukuma tana kwashe 'ya'yansu ta ba wasu riƙo. Ta duba ta ga ɗinke rauni kaɗai ba zai yi ba, tun da wanda aka sallama yau gobe zai komo. Ai rigakafi ya fi magani.

Saboda haka a 1990 ta kafa wata ƙungiya mai suna Community Coalition, watau haɗin gwiwar mutanen unguwa, a kudancin birnin. A 1992 aka yi babbar tarzoma bayan kotu ta sallami 'yan sandan da suka yi wa Rodney King dukan kawo wuƙa. Mutum fiye da 50 suka mutu, kantuna da yawa suka ƙone, har da shagunan giya da suka cika unguwannin. Karen da mutanenta suka yi ta sintiri gaban hukumar birni suna kai ƙorafi, har aka hana sake buɗe da yawa daga cikin shagunan.

Bari in bayyana muku yadda majalisar take. Amurka jihohi 50 ce, kowace da gwamnanta da majalisarta. Ta Kalifoniya tana zama a birnin Sakramento, kuma kashi biyu ce: ta dattawa mai mutum 40, da ta wakilai mai mutum 80. Wakilan nan su ke zaɓen shugaba daga cikinsu. Shi ke jan ragamar zama, shi ke naɗa 'yan kwamiti, shi kuma ke zama da gwamna a daidaita yadda za a kashe kuɗin jiha.

A 2004 aka zaɓi Karen cikin wakilai. Ran da ta shiga, ita kaɗai ce baƙar mace a majalisun biyu. Ta ɗauki maganar yaran riƙo ta sa a gaba, watau marayu da waɗanda aka raba da iyayensu, ta shugabanci kwamitin da ke duba halinsu. Ba a daɗe ba ta zama shugabar masu rinjaye na jam'iyyarta ta Dimokurat.

Ana cikin haka, a 2006, babban rashi ya same ta. 'Yarta da mijin 'yar suka rasu tare a haɗarin mota. Kowace uwa a cikinku ta san nauyin wannan ba sai na faɗa ba. Duk da haka ta koma bakin aikinta.

Ran 13 ga Mayu 2008 aka rantsad da ita Shugabar Majalisar Wakilan jihar. Ba a taɓa samun baƙar mace ta riƙe irin wannan kujera ba a kowace jiha ta Amurka sai ita. Amma fa murna ba ta daɗe ba. A shekarar nan tattalin arzikin duniya ya karye, haraji ya ragu, giɓin da ke cikin kasafin jihar ya kai wajen dala biliyan 42. Ga shi kuwa dokar lokacin ta ce ba a zartad da kasafi sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun yarda, don haka tilas sai da 'yan hamayya.

Uwargida, kin san yadda a ke ji ran da kuɗin cefane ya gaza baki kuwa suka ƙaru. To, haka ta samu kanta, gaba kura baya sayaki. 'Yan jam'iyyar Ripablikan, wadda Gwamna Arnold Schwarzenegger ke cikinta, ba su son ƙarin haraji. Mutanenta kuma ba su son a taɓa kuɗin makarantu da na taimakon gajiyayyu. A Fabrairu 2009, bayan an kwana ana ja-in-ja, aka shirya: aka ƙara haraji, aka kuma rage kuɗin ayyuka. Watau da hannunta ta amince a rage wa talakawan da ta yi shekaru tana yi wa yaƙi. Magoya bayanta da yawa suka yi fushi. Dave Cogdill, shugaban 'yan hamayya a majalisar dattawa, 'yan jam'iyyarsa suka tuɓe shi cikin dare don ya yarda da shirin. A 2010 aka ba su biyun, tare da Darrell Steinberg da Mike Villines, lambar yabo ta jarumtaka wadda a ke bayarwa da sunan Shugaba John Kennedy.

Dokar jihar a lokacin ba ta barin wakili ya wuce shekara 6, saboda haka a 2010 ta sauka. Daga 2011 zuwa 2022 ta zauna a Majalisar Wakilan Amurka a Washinton, har ta shugabanci ƙaramin kwamitin da ke kula da harkokin Afirka. Ba ta bar neman ilmi ba, a 2015 ta sami digiri na biyu tana da shekara 60 da 'yan kai. A 2022 ta kada attajiri Rick Caruso, wanda ya kashe dala fiye da miliyan 100, ta zama mace ta farko Magajiyar Garin Los Anjeles.

Kada ku ɗauka ba ta tuntuɓe. A Janairu 2025 ta tafi Gana bikin rantsad da Shugaba John Mahama, tana can gobara mai tsanani ta tashi a birninta, dubban gidaje suka ƙone. Ta sha suka ƙwarai, daga baya kuma ta yarda da bakinta cewa tafiyar kuskure ce. Babba juji ne, kuma ba kowane babba ke iya cewa ya yi kuskure ba.

To, 'yammata, ku lura matar nan ba daga sama ta faɗo kan kujera ba. Sana'a ta fara koya, sa'an nan ta yi shekara 14 tana hidimar unguwarsu kafin ta shiga majalisa. Ku riƙe karatunku da kyau, kada a rabu da ku da shi. Ku kuma uwayen gida, in ana sauraron labarai ku bar 'ya'yanku mata su zauna su ji, in sun yi tambaya a amsa musu, kada a kore su zuwa madafa.

Sai mako mai zuwa.