Neman asalin zuri'a ta waya: abin da ɗan Tambuwal zai samu a intanet

Wanda ya fito daga gidan sarautar Tambuwal ba ya shan wahalar neman asalinsa, domin salsalar gidan a rubuce take har zuwa Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wahalar tana kan jikan manomi ko maƙeri daga Jabo, Sanyinna ko Kuchi.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, jami'ansu sun riƙa rubuta rahoton haraji na kowace gunduma, da sunayen ƙauyuka da hakimai. Fayilolin Lardin Sakkwato suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ɗakin Karatu na Birtaniya ya ɗauki hoton wasu takardun gidan, ya sa su a intanet kyauta. Tsofaffin taswirori kuwa, ana lalubo su a OldMapsOnline.

Sai dai a kula da rubutun suna. Bature yakan rubuta Tambawel ko Tambawal, kuma in ka rubuta Kebbe, injin bincike zai iya jefa ka Jihar Kebbi.

Kada ka sa ran ganin sunan kakanka kai tsaye. Takardun nan na haraji ne, talakawa adadi ne kawai a cikinsu, sunayen mata kuwa da wuya a gani. Amfaninsu shi ne tabbatar da ƙauyen da aka baro da hakimin zamanin.

Don haka ka fara da tsohuwar gidanku, ka naɗi muryarta a waya tun tana raye: daga ina aka taso, a zamanin wane sarki? Da amsarta za ka shiga intanet, ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.